Kifaye huɗu sun mutu cikin kwana biyar, alhali ruwan teku na asali aka zuba musu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma shekara shida ke nan ina kiwon tarwaɗa a bayan gida, saboda haka ni ba baƙon kifi ba ne. Makon jiya na sayi akwatin gilashi mai cin lita 200 don in kafa irin na ruwan gishiri mai kifi da murjani, wato halittar teku mai rai da ke manne a jikin dutse, a falo, domin yarana sun daɗe suna roƙona. Wanda ya haɗa mini ya ɗebo ruwa jarka takwas daga bakin teku ta wajen Lekki, ya ce tunda ruwan teku ne na asali ba sai an jira komai ba. Washegari ya zuba kifi shida da murjani biyu. Cikin kwana biyar huɗu suka mutu, murjanin ya tsuke ya ƙi buɗewa, ruwan kuwa garau da shi kamar na gora. Yanzu ya ce wai bakin mutane ne ya kama akwatin saboda masu shigowa kallo, in sayi magani da wasu kifayen. Biyun da suka rage suna ta haki a saman ruwa. Kuɗi sun tafi, yara suna kuka, ni kuma ina tsoron ɗaukar alhakin waɗannan halittu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai, kada ka sayi maganin nan, kada kuma ka ƙara ko kifi ɗaya. Biyun da suke haki a sama ba su da lokacin jiran dogon bayani, don haka bari in fara da su.

Yau ɗin nan ka daina ba su abinci, kwana biyu ba ci ba zai kashe su ba. Ka juya bakin injin tura ruwa ya kalli sama yadda fuskar ruwan za ta riƙa motsi sosai, in kana da injin iska na tarwaɗarka ka wanke bututunsa ka sa. Ka nemo kayan gwajin amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, na ruwan gishiri, da kuma ma'aunin gishiri, irin wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta cikinsa. Sannan ka kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka mayar da sabo wanda aka haɗa da gishirin akwatin murjani, zafinsa da gishirinsa su zo daidai da na ciki. Gobe ka sake gwadawa, in amoniya tana nan ka maimaita. Idan kuwa ka san wani mai tsohon akwati da ya zauna, ka kai masa kifayen da murjanin ajiya. Wannan shi ne mafi alheri a gare su, ko da yaran za su ƙara kuka na kwana ɗaya.

To, yanzu ga abin da ya kashe maka kifi, kuma zan daɗe a kansa domin kusan kullum sai an kawo mini irinsa daga Lekki ko Ikeja ko Surulere. Maganar nan ta cewa ruwan teku na asali ba ya buƙatar jira ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya faɗa maka ita, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san cewa kifin da ya mutu ciniki ne na biyu.

Ka san amoniya tun daga wajen tarwaɗa, ka san warin da take yi in ruwa ya kwana biyu ba a sauya ba. Bambancin shi ne tarwaɗa jaruma ce, tana da wata gaɓa da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓo da kwata. Kifin murjani ya fito ne daga ruwan da kusan babu amoniya a cikinsa sam. Ga kuma wani abin: ruwan teku yana da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, kusan 8.1 zuwa 8.3, kuma duk lokacin da pH ya hau daga 7 zuwa 8, kason amoniyar da ke da guba yana ƙaruwa kusan ninki goma. Zafi ma yana ƙara ta. Wato adadin da tarwaɗarka za ta haɗiye ta yi ƙiba, shi zai ƙone wa kifin murjani wurin numfashi. Hakin da kake gani ke nan. Iska tana cikin ruwan, amma abin ɗaukarta ya ƙone.

Masu cinye amoniyar nan ƙwayoyin bakteriya ne, wasu su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda kifi ke iya jurewa. Abin da masu jarka ba sa son ji shi ne: waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke a cikin ruwa ba. Manne suke a jikin dutse, da yashi, da soson matata. Ko daga tsakiyar teku ka ɗebo ruwa da jirgi, in ka zuba shi a kan busasshen dutse da sabon gilashi, akwatinka fanko ne. Teku tana shanye kashin kifi ne saboda girmanta. Kai kuma lita 200 gare ka, da kifi shida suna ci suna kasayarwa, babu mai kwashewa. Ƙwayoyin suna buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita su iya ɗaukar nauyin akwati. Bakteriyar da ake sayarwa a kwalba, in ta kirki ce, tana rage kwanakin, amma ita ma gwaji ne zai gaya maka ta yi aiki, ba rubutun jikin kwalbar ba.

Kuma don Allah a daina ce mini ruwan garau yake. Amoniya ba ta da launi. Na taɓa zuwa wani gida da aka kira ni bayan an yi asarar kifi sau uku. Akwatin yana ƙyalli, fitila shuɗiya, yashi fari fat, matar gidan tana ta rantsuwa cewa kullum sai ta goge gilashin. Na ɗebi ruwa a 'yar kwalba na ɗiga maganin gwaji, muka zauna minti biyar. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya sai ya koma kore shar kamar ruwan zogale. Mai gidan ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta wajen taga yana kallo, bai ce uffan ba. Shi ma an ce masa baki ne, har an rataya laya a bayan akwatin. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma mutumin da ya zuba kifi a ɗanyen akwati, suka mutu, sannan ya ɗora laifin a kan maƙwabtanka da suka shigo kallo, ya haɗa cuta biyu: ya ci kuɗinka, ya kuma shiga tsakaninka da mutane.

Sai kuma shi kansa ruwan da aka ɗebo. Gaskiya ne a wasu ƙasashe ana amfani da ruwan teku, amma nesa da gaɓa ake ɗebo shi, a tace, a gwada. Gaɓar Legas wani abu ne daban. Kogin Ogun yana zuba a tafkin Legas, tafkin kuma yana fita teku ta mashigin tashar jiragen ruwa, ɗauke da abin da ya kwaso daga kwatocin gari, da Makoko, da man jiragen Apapa. Da damina gishirin ruwan gaɓa yana sauka, da rani ya hau, jarkar yau ba irin ta wata mai zuwa ba ce. Ka tambayi kanka ma, me ya sa gaɓarmu ba ta da manyan duwatsun murjani irin na Bahar Maliya ko Indonesiya ko Ostireliya? Ruwan koguna da laka sun yi yawa a wannan yanki, murjani mai gina dutse kuma yana son ruwa mai haske wanda gishirinsa ba ya rawa. Ruwan da murjani ya ƙi zama a cikinsa a teku, shi aka kawo maka falo. Ban ma yi maganar jarkar ba, wadda Allah kaɗai ya san ko man ja ko kalanzir ta ɗauka kafin nan.

Wasu kuma in sun ji haka sai su koma ɗaya gefen, su ce to a zuba gishirin miya a ruwan burtsatse. Shi ma kisa ne. Gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Gishirin akwati ake saya, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, a narkar da shi a ruwan da ya bi ta injin tacewa na RO, mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, har ma'aunin datti ya nuna sifili ko dab da shi. Burtsatsen wurare da yawa a Legas yana da ƙarfe, fiyawata kuma ba ka san abin da ke cikinta ba. Za ka zuba kamar giram 36 zuwa 38 a kowace lita, ka bar injin yana juya shi ya kwana, ma'aunin gishirin ya nuna maka 1.025 ko 1.026. In ka auna na cikin akwatinka yanzu ka ga ya yi ƙasa, a hankali za ka ɗaga shi cikin kwanaki, kada ka yi shi rana ɗaya.

Maganin da ya ce ka saya, ina kyautata zaton irin na cutar farin ɗigo ne da ke fitowa a jikin kifi, kuma da yawansu akwai sinadarin tagulla a ciki. Tagulla tana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, ta kuma shige cikin dutse ta daɗe tana fitowa. In kuma na kashe ƙwayoyin cuta ne, zai iya kashe 'yan bakteriyar da suka fara tsirowa, ka koma farko.

Idan ka samu inda ka ajiye kifayen, ga yadda za ka sake farawa. Zubar da ruwan gaba ɗaya, ka zuba haɗaɗɗe. Ka bar dutsen da yashin a ciki, injuna suna aiki, fitila a kashe. Ka jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe, ko ka ɗiga amoniya tsantsa har gwaji ya nuna 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Duk bayan kwana biyu ko uku ka gwada ka rubuta a littafi. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya sauka, naitiret ya bayyana. Ranar da biyun farko suka koma sifili suka tsaya a nan, ka sauya wani kaso na ruwan, sannan kifi biyu su shiga. Biyu kawai, kuma gara kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya fi juriya. Bayan mako uku ko huɗu a ƙara wani. Wata gansakuka ruwan ƙasa za ta rufe yashin a tsakanin nan, kada ka firgita, wucewa take yi. Murjani sai akwati ya yi wata biyu ko uku, a fara da masu taushi. Akwai wasu masu kama da ƙananan furanni da ke ɗauke da guba mai ƙarfi, ka sa safar hannu in za ka taɓa su, kada yara su sa hannu, kuma kada a taɓa dafa dutsen da suka zauna a kai.

Ka ce kana tsoron alhaki, kuma wallahi wannan jimlar ce ta sa na zaɓi wasiƙarka. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifin akwati ya fi kyanwar nan rauni. Ba ya kuka, ba ya iya fita, har iskar da yake shaƙa a hannunka take. Yawancinsu an kamo su ne daga wata teku mai nisa, sun yi doguwar tafiya a leda cikin jirgin sama. Abin da ka yi cikin rashin sani Allah ya yafe, amma masu sayar da su suna sane su ji tsoron Allah, rai ne wannan, ba fulawar roba ba.

Abu biyu na Legas da za su iya kashe maka akwati ko da ya zauna su ne wuta da zafi. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta da dare injin ya tsaya, kafin asuba za ka iya tarar da gawa. Ka ɗora injin tura ruwa a kan inbata, ka kuma ajiye ƙaramin injin iska mai batir. Fitila za ta iya jira, motsin ruwa ba ya jira. Zafi kuma ana son digiri 25 zuwa 27, alhali falo a Agege cikin Fabrairu da Maris yana haura 30. 'Yar fanka da ke hura fuskar ruwa tana sauke digiri ɗaya ko biyu, in ba ta isa ba sai injin sanyaya ruwa. Fankar za ta sa ruwa ya riƙa raguwa da sauri, kuma abin da ya tashi ruwa ne zalla, gishirin yana nan, don haka tataccen ruwa mara gishiri za ka riƙa cikawa da shi kullum. Sannan ka gaya wa Hajiya a daina fesa maganin sauro a falon nan, kaɗan daga cikinsa ya isa ya gama da komai.

Ka gwada ruwan yau, ka aiko mini da lamba uku: amoniya, gishiri, da zafin ruwan da ƙarfe uku na rana. Da su zan gaya maka ko biyun nan za su iya zama a wurinka ko dole a kai su ajiya.