Fetuniya da Hikama a Fangali Ɗaya

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce Hajiyar da kake kula wa da lambu ta miƙo maka ledar iri biyu da ɗanta ya aiko daga waje, ɗaya fetuniya, furen ado, ɗaya kuma an rubuta jicama a jikinta, wadda masu ita ke kira hikama. Fangali ɗaya ne kacal a bayan gidan, kana so ka san wacce ta fi cancanta da wurin, ko kuwa ka raba shi biyu ka shuka su tare. To, kar ka shuka su tare, kuma ba sai ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya ba. A nan wajenmu hikama shukar damina ce, fetuniya kuwa ta lokacin ɗari, don haka fangalin zai ɗauke su duka, amma bi da bi.

Bari in fara da hikama, tunda ita ce baƙuwarka, kuma ita ce mai haɗari. Dangin wake ce, yaɗo take yi, takan kai mita 4 ko 5 in ta sami abin hawa. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya. Sifaniyawa ne suka tsallaka da ita Filifin a jiragen ruwan da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Akafulko da Manila daga 1565 zuwa 1815, daga nan ta bazu Indonesiya da kudancin Sin. Abin da ake nema a jikinta yana ƙarƙashin ƙasa: saiwa ce dunƙulalliya, bawonta ruwan ƙasa, cikinta fari fat, ruwa ya kusa kashi 90 cikin 100 na nauyinta. Ɓare ta ake yi a yanka a ci ɗanya, tana ƙaras-ƙaras a baki da ɗan zaƙi kaɗan. Mutanen Meziko suna matsa mata lemun tsami su barbaɗa gishiri da garin barkono, haka ake sayar da ita a bakin titi.

Saiwar kaɗai ake ci. Ka riƙe wannan da kyau, ka kuma faɗa wa Hajiya da bakinka tun kafin iri ya shiga ƙasa. Ganyenta da kwansonta, musamman ƙwayar da ta ƙosa, suna ɗauke da gubar rotinon, irin wadda ke cikin majimfa da masunta kan zuba a ruwa kifi ya taso. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne kwanson nata sak na wake, yaro zai gani ya tsinka, mai aikin gida za ta iya tarawa ta ce ta samu na miya. In gidan akwai ƙananan yara ko awaki da ke kaiwa bayan gida, sai an yi shinge, in ba za a yi ba a haƙura da ita. Ragowar irin ma ka ɗaure ka rubuta a jiki, ka ajiye nesa da kicin.

Shukarta ba wuya. Da ruwa ya zauna, wajen farkon Yuni, ka tayar da kunya kamar ta dankali a ƙasa mai sako-sako, jigawa ta fi, domin laka mai riƙe ruwa tana ruɓar da saiwa ko ta sa ta fito a murɗe. Ka jiƙa irin ya kwana, ka binne zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, tazarar santimita 25 zuwa 30. Kai tsaye ake shuka ta, ba ta son dashe. Kar ka ɗura mata yuriya. Kamar sauran dangin wake, akwai ƙananan ƙulle-ƙulle a jijiyoyinta da ke samo mata sinadarin naitirojin daga iska. In ka ƙara mata, sai ta tafi a ganye, ka tona ka tarar da abu kamar igiya. Ruɓaɓɓen takin gargajiya ya ishe ta.

Wajen Satumba, in yini ya fara gajarta, za ta fitar da fure, shuɗi-shuɗi ko fari, gwanin sha'awa. A nan ne sababbin hannu ke faɗuwa, domin hannu ba ya son tsinke abu mai kyau. Tsinke shi. Ka bi ta duk mako da almakashi kana cire zangarniyar furen tun tana toho, saboda abincin da za ta kashe wajen yin kwanso shi ne wanda ya kamata ya gangara cikin saiwa. Manoman Meziko haka suke yi, kuma bambancin girman saiwar ba kaɗan ba ne. Gindi ɗaya ko biyu za ka bari su yi iri, su ma a inda idonka ke kai. Ruwan sama zai ɗauke maka a farkon Oktoba alhali tana tsakiyar cika, sai ka ci gaba da ban ruwa daidai wa daida. Wata 5 zuwa 6 daga shuka ka tona gindi ɗaya ka gani. Wadda ta cika tafin hannu biyu ta fi daɗi. In ta wuce haka sai ta fara zare.

Fetuniya kuma akasin haka take, furen shi ne amfanin gonar. Ita ’yar gidan su tumatir da gauta da taba ce, ka dubi bakin furenta ka tuna na zaƙami, za ka ga dangantakar. Daga Kudancin Amurka ta fito, yankin Ajantina da Yurugwai da kudancin Barazil. Wadda ake sayarwa yau aure ce tsakanin iri biyu na daji, fara mai ƙamshi da dare da kuma mai launin shunayya, waɗanda masu lambu a Birtaniya suka haɗa a shekarun 1830. Ba a cin komai nata.

Wahalarta duk tana wurin reno. Giram ɗaya na irinta yana ɗauke da ƙwaya wajen 10,000, atishawa ɗaya ta isa ta kwashe maka rabin leda. Tsakiyar Oktoba ka cika faranti ko kasko da tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, ka jiƙa ta tukuna, ka gauraya irin da ɗan busasshen yashi ka barbaɗa a sama, ka danna da tafin hannu a hankali. Kar ka rufe da ƙasa, sai da haske take tsirowa. Kar kuma ka kwarara mata ruwa da buta, ka sa gindin farantin a cikin ruwa ya tsotsa, ko ka yi feshi. Ka lulluɓe da farar leda a inuwa mai haske, cikin kwana 7 zuwa 10 za ka ga tsiro. Bayan kamar mako 6, lokacin ka tone hikama ka gyara fangalin da sabon taki, sai ka dasa da yamma, tazarar santimita 30. In ta kama, ka ɗan tsinke kan don ta yi rassa. Mako 10 zuwa 12 daga shuka fure zai buɗe.

Me ya sa na ce ɗari? Ruwan Agusta yana dukan furenta ya mayar da shi tsumma, musamman mai manyan fure, ga ruɓewar gindi. Zafin Afrilu kuma yana ƙone ta. Tsakanin Disamba da farkon Maris ne take sakewa: rana ta sa'a 6 ko fiye, dare mai sanyi, iska busasshiya. Masu lambu a Jos sun fi mu tsawon lokacinta saboda sanyin tudu. Ita mai ci ce, ba kamar hikama ba. Ɗan NPK narkakke duk mako biyu. Ruwa a gindi da safe, ban da kan fure. Wanda ya yi yaushi ka cire shi har da ƙullin da ke bayansa, in ka bar shi ya yi iri sai ta rage fitar da sabo. In ka ga sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa kore ne, sinadarin ƙarfe ta rasa, yawanci ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ne sanadi. Ka riƙa ɗaga ganye kana duba darɓa da farin ƙuda. Mai shan taba kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ta, domin cutar da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare tana kama ta.

Ka duba ledar fetuniyar. In ka ga F1 a jiki, wato alamar auren iri, kar ka wahalar da kanka da tara irinta, ’ya’yan ba za su fito da launin uwar ba, sai an sake saye. Na hikama kuwa wanda ka tara zai yi maka baɗi.

In Hajiya ta ce lallai ɗaya take so, ka tambaye ta wa ke shiga bayan gidan. Inda jikoki ke wasa, ni fetuniya zan sa hankalina kwance. Inda akwai ƙofa da makulli, zan ba hikama damina ɗaya, don abu ne da ba ta samunsa a kasuwa, fetuniya kuwa ko a tukwane a bakin baranda za ta yi. Kafin Yuni ka jiƙa ƙwaya 5 na hikamar ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ga ko suna da rai, domin irin da ya daɗe a ajiye yakan mutu. Ka kawo mini ledojin biyu ranar Asabar in duba kwanan watan da ke jikinsu.