Tambayoyinku: Me masu bincike a jami'o'i suka tsinana wa wayata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kullum muna jin jami'o'i na kashe maƙudan kuɗi wajen binciken tsaron intanet, amma kutse sai ƙaruwa yake yi. Akwai abin da binciken nan ya tsinana wa mai waya irina, ko takardu ne kawai ake jibgewa a laburare?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, wayar da ka turo tambayar nan da ita cike take da guminsu. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka warware wata tsohuwar matsala: ta yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su tsayar da mabuɗin sirri guda, alhali kowa na sauraron zancensu? Shekara ɗaya bayan nan Rivest da Shamir da Adleman na jami'ar MIT ta Amurka suka fito da tsarin kulle saƙonni mai suna RSA. A kan tubalin da waɗannan mutane suka kafa ake kulle hulɗarka da banki da kuma saƙonninka. Shi kuwa AES, wanda ke kulle abin da ka ajiye cikin wayar, 'yan Beljiyam biyu ne suka ƙirƙiro shi, Joan Daemen da Vincent Rijmen, dukansu sun yi karatu a Jami'ar Leuven, Amurka kuma ta ɗauke shi a hukumance a 2001.

Wannan ɓangaren gini ke nan. Wanda ya fi burge ni shi ne na rushewa, wato masu neman tsagar bango kafin ƙadangare ya gan ta. A 2017 Mathy Vanhoef, shi ma daga Leuven, ya gano ɓaraka a WPA2, tsarin da ke tsare Wi-Fi tun 2004. Idan waya za ta shiga Wi-Fi, ita da na'urar da ke rarraba shi kan yi musayar saƙonni huɗu don su daidaita kan mabuɗi. Vanhoef ya lura cewa idan aka sa saƙo na uku ya maimaitu, wayar kan sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi aiki da shi, ƙidayar saƙonninta ta koma farko, daga nan mai laɓe ya samu kafar karanta abin da ke wucewa. A wasu wayoyin Android abin ya fi muni, don mabuɗin kan koma sifili zalla. Shekara goma sha uku ana amfani da tsarin ba a ankara ba! Sai da ya sanar da kamfanoni watanni kafin ya bayyana wa duniya a watan Oktoba, don su samu lokacin gyara.

To ga inda kai ka shigo. Canza kalmar sirrin Wi-Fi ba ta magance wannan ɓaraka. Gyaran na cikin sabuntawar manhajar nan da ke leƙo maka a fuskar waya kana danna "sai anjima" wata da watanni. Mai bincike ya yi nasa, kamfani ya yi nasa, saura kai.

TAMBAYA: Malam, wata manhaja da nake amfani da ita ta rubuta cewa tana ba abokan hulɗarta bayananmu, amma sai ta cire sunaye. Tunda babu sunana a ciki, ai ba komai ko?

AMSA: Malama, da haka ne da an huta. A 1997 Latanya Sweeney, lokacin tana ɗaliba a MIT, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts da aka cire wa sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe, sai ga ta ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jihar na wancan lokaci, William Weld. Abubuwa uku kawai ta bi: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan waya ta unguwa. Daga baya ta ƙiyasta cewa waɗannan ukun sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

A 2006 Netflix ya saki makin da masu kallo kusan 480,000 suka ba finafinai, babu suna ko ɗaya. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Texas da ke Austin suka gwama su da ra'ayoyin da mutane ke rubutawa a fili a shafin IMDb, suka gane wasunsu. Wanda ya fi shafar ki kuwa na 2013 ne: masu bincike daga MIT da Jami'ar Louvain sun duba bayanan zirga-zirgar wayoyin mutum miliyan 1.5, suka tarar cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100. Ki duba da kanki: mutum nawa ne ke kwana inda kike kwana, kuma suke wuni inda kike wuni?

An nemo magani. A 2006 Cynthia Dwork da abokan aikinta uku suka fito da wata dabara ta lissafi: a zuba ɗan gurɓata da gangan cikin alƙaluma, gwargwadon da jimilla za ta fito kusan daidai amma ba a iya gane ko bayanin wance na ciki. Hukumar ƙidayar Amurka ta yi aiki da ita a ƙidayar 2020. Sai dai ba kowace manhaja ce ke wahalar da kanta da wannan ba, kuma "mun cire sunaye" ba ya nufin an yi shi. Ki shiga saitin wayarki, ki duba izinin da kika ba manhajar. Idan aikinta bai buƙaci sanin inda kike ba, ki kashe mata. Idan yana buƙata, ki zaɓi ta gani sai lokacin da kike amfani da ita.

TAMBAYA: Da gaske ne ana iya shiga waya ba tare da mai ita ya danna komai ba?

AMSA: Da gaske ne. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ta daɗe tana bin sawun Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. A 2016 sai an danna mahaɗin da aka turo take shiga, amma a 2021 cibiyar ta gano wata hanyar da ke bi ta iMessage, manhajar saƙonni ta wayoyin iPhone, ba tare da an taɓa komai ba, Apple kuma ya toshe ta a watan Satumba. Irin wannan makami tsada gare shi, galibi 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake haƙo da shi. Yawancinmu ɗan damfarar da ke roƙon lambar da aka turo mana ta tes ya fi kusa da mu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina son shiga wannan fanni. Zan iya gwada abin da na koya a kan intanet ɗin makarantarmu, tunda ba da mugun nufi ba ne?

AMSA: Kul, ɗalibi! Ran 2 ga Nuwamba 1988 Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata 'yar manhaja mai kwafin kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Bai nufi ɓarna ba, amma ta riƙa kama kwamfuta ɗaya sau da yawa har ta durƙusar da ita. An ƙiyasta ta shafi kwamfutoci kusan 6,000, wajen kashi ɗaya cikin goma na duk intanet ɗin lokacin. Kotu ta same shi da laifi a 1990, aka ci shi tarar sama da dala 10,000 da aikin al'umma na awa 400. Sanadin abin ne aka kafa cibiyar CERT, mai kai ɗauki kan matsalolin tsaron kwamfuta, a Jami'ar Carnegie Mellon. Shi Morris ya ci sa'a, daga baya har ya zama farfesa a MIT.

Ko manya ba su tsira ba. A 2021 masu kula da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, sun haramta wa Jami'ar Minnesota baki ɗaya turo gudummawa, saboda wasu masu bincikenta sun turo gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani don su ga ko za a gane, ba tare da neman izini ba.

Ka kafa naka ɗakin gwajin a cikin kwamfutarka. Da manhaja irin VirtualBox za ka iya tayar da kwamfutocin bogi biyu ko uku, ka haɗa su a wani layin da bai taɓa na kowa ba, ka kai wa ɗaya hari daga ɗayar. Akwai gasannin kutse na halak da aka shirya wa ɗalibai, irin picoCTF na Carnegie Mellon, wanda kyauta ne. In kuma lallai sai kan na makaranta kake so, ka je wajen malaminka da shugaban sashen kwamfuta, ka karɓo izini a rubuce mai ɗauke da sunayen na'urorin da aka yarje maka da ranakun gwajin.