Tambaya da Amsa: Shin sayar wa Arizona tutar 2023 aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanena mun fara kallon besbol ne a 2022, lokacin da gasannin ƙwallon Turai suke hutu. Ni kallo kawai nake yi, shi kuwa daga baya ya fara sa kuɗi. A Oktoban 2023 ya kwashi jarin shagonsa na cajin waya ya zuba wa Dodgers, Arizona ta fitar da su. Ya ranto ya sa wa Philadelphia, su ma suka faɗi. Tun daga ranar ya rantse cewa ƙungiyar da ta ci wasa 84 ba za ta kayar da mai 100 ba sai in an sayar da wasan. Yanzu duk wata yana biyan wani mutum a Telegram, wai yana da ɗan'uwa a Amurka da ke turo masa sakamako kafin a buga. Mahaifiyarmu ba ta sani ba. Don Allah, sayar da waccan tutar aka yi? In ba haka ba, ta yaya Arizona ta ci? Wani mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ba ka zuba masa ido ba. Ba a sayar da ita ba. Ga wanda bai saba da besbol ba, babbar gasar Amurka lig biyu ce, tuta ita ce kambun kowane lig, kuma masu tutar biyu su ke haɗuwa a karawar ƙarshe da ake kira World Series. Amma na san in ka je masa da wannan kalma ɗaya dariya zai yi maka, don haka bari in ba ka abin da za ka riƙe.

Ƙanenka yana da gaskiya a wuri ɗaya. Arizona Diamondbacks ta 2023 ba ƙungiyar da ake tsoro ba ce. Ta ci 84 ta faɗi 78, Dodgers ta ba ta tazarar wasa 16 a rukuninsu, kuma makin da aka zura mata a kakar ya fi wanda ta zura da 15. Shekara biyu kafin nan ta faɗi wasa 110. A farkon Agusta ta sha kashi sau tara a jere har faɗuwarta ta fi nasararta yawa. Ranar da ta samu gurbin shiga wasannin fitar da gwani na Oktoba ma faɗuwa ta yi a hannun Houston, faɗuwar Cincinnati a wani filin ce ta shigar da ita, a gurbi na shida, na can ƙarshe. Da a ce tsarin da ake bi kafin 2022 ne, lokacin da ƙungiya biyar ke shiga daga kowane lig, da a gida za ta yi kallo.

To amma ƙungiyar da ta shiga Oktoba ta bambanta da wadda ta tara waɗancan alƙaluma. Babban ciwonta duk bazara majefan agaji ne, waɗanda ake kirawowa a zango na bakwai zuwa na tara, wato ƙarshen wasa tunda zango tara ake yi, su riƙe nasara, sai su zubar. A ƙarshen Yuli shugaban saye da sayarwarsu, Mike Hazen, ya kawo Paul Sewald daga Seattle don ya riƙa rufe wasa. A Agusta suka tsinci Ryan Thompson bayan Tampa Bay ta sallame shi. Kevin Ginkel ya zauna daram a zango na takwas. Ga Zac Gallen da ya ci 17, ga Merrill Kelly, sai yaro Brandon Pfaadt da ya sha duka a cikin kaka amma hannunsa ya zauna a Oktoba. A doguwar kaka kana buƙatar majefan farko biyar da tulin 'yan agaji, gurgu da mai lafiya duk sai sun yi jifa. A Oktoba akwai ranakun hutu, mutum uku na farko da huɗu na baya sun kusa isarka. Sannan dokokin da aka sauya a 2023, wato agogon jifa, da ƙara girman tashoshin da ɗan wasa ke zagayawa kafin ya ci maki, da taƙaita yawan juyowar majefi don kama mai gudu, kamar don su aka yi. Corbin Carroll shi kaɗai ya saci tasha 54, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, ya buga homron 25, wato bugun da ke tsallake katanga ya ba da maki, aka ba shi gwarzon sababbin 'yan wasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce ba.

Dodgers ɗin da ƙanenka ya dogara da ita fa? Nasara 100 ya gani, bai duba waye zai hau tudun jifa ba. Walker Buehler bai yi jifa ko ɗaya ba a kakar saboda aikin gwiwar hannu. Dustin May da Tony Gonsolin duk an yi musu aiki. An dakatar da Julio Urías a Satumba. Clayton Kershaw da ciwon kafaɗa ya fito wasan farko, aka zura masa maki shida, mutum ɗaya tak ya fitar aka cire shi, wasa ya tashi 11 da 2, kuma wata guda bayan nan aka yi masa aikin kafaɗar. A wasa na uku Lance Lynn aka sa, mutumin da aka yi wa homron 44 a kakar, fiye da kowa. A zango na uku Perdomo na Arizona ya tsallakar da ƙwallo katanga, Marte ya bi, Walker ya bi. Gabriel Moreno ya buga tasa ya zagaya, alƙalai suka sake dubawa suka ce ta fita ta gefe, ya dawo ya ɗauki gorarsa, jifa na gaba ya sake aika ta waje. Huɗu a zango ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a wasannin Oktoba. Duk wannan rauni na Dodgers a jarida yake tun kafin a fara, kyauta, ba sai da ɗan'uwa a Amurka ba.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da kyau, domin wannan kuskuren kusan kullum sai na ci karo da shi, kuma shi ke cinye jarin yara. Mutanenmu da idon Firimiya suke kallon besbol. A can in ta saman teburi ta haɗu da ta ƙasa ka san inda ruwa zai gangara, zakara yakan faɗi wasa uku ko biyar a cikin 38. A besbol ƙungiyar da ta ci 100 ta faɗi 62. Seattle ta 2001 da ta ci 116 ta faɗi 46, kuma ba ta ɗauki tuta ba, Yankees ta fitar da ita 4 da 1. Oakland ta 2023, wadda ta fi kowa lalacewa, sai da ta ci wasa 50. Wa ta ci? Ai manyan ne a ciki. In ka ɗauki mai nasara 100 da mai 84 ka yi lissafi, babbar za ta ci kimanin wasa shida a cikin goma. Ka kai wannan cikin karawar da ake neman nasara uku a wasa biyar, damarta ba ta wuce kashi 68 cikin ɗari ba. A karawar wasa bakwai ta ɗan haura zuwa 71. Wato sau ɗaya cikin uku babbar za ta tafi gida, ba tare da kowa ya karɓi ko sisi ba. Wanda ya sa jarinsa a kan abin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin uku, sannan ya ce cuta aka yi masa, ai lissafin ne bai yi ba.

Kuma ba Dodgers kaɗai ba ce a shekarar. Atlanta ta ci 104, Philadelphia ta fitar da ita. Baltimore ta ci 101, Texas ta share ta 3 da 0. A 2022 ita dai Dodgers ta ci 111, San Diego mai 89 ta kore ta. St. Louis ta 2006 da nasara 83 ta ɗauki World Series gaba ɗaya. Mets ta 1973 da 82 ta ɗauki tuta. Duk an sayar ke nan? Kafin 1969 wanda ya fi kowa nasara a lig shi ke ɗaukar tuta kai tsaye. Tun da aka kawo wasannin fitar da gwani, tutar ta koma hannun wanda ya fi zafi a makonni uku.

Ka tambayi ƙanenka ma, wa ya saya, wa ya sayar? Mookie Betts da Freddie Freeman, taurarin Dodgers, su biyu bugu ɗaya suka samu cikin 21 a waccan karawar. Betts yana kan kwantiragin dala miliyan 365, Freeman na miliyan 162. Nawa za ka ba irin wannan mutum ya zubar da sunansa? In kuma hukumar gasar ce ta shirya, to ta shirya wa kanta asara, domin wasan ƙarshe tsakanin Arizona da Texas ya zo da masu kallo mafi ƙaranci a tarihin World Series a talabijin ɗin Amurka, kimanin miliyan 9 a kowane wasa. Mai neman kuɗi Los Angeles zai kai, ba Phoenix ba.

Kada ya ce na ɓoye masa tarihi. An taɓa sayar da World Series, a 1919, 'yan Chicago White Sox takwas aka kora har abada. An haramta wa Pete Rose wasan a 1989 saboda caca. A 2024 an kori Tucupita Marcano har abada saboda sa kuɗi a wasanni. Houston ta 2017 ta saci alamun mai cafka da kyamara, ana buga musu kwandon shara don sanar da mai gora irin jifar da ke tafe, kodayake wannan maguɗin neman ci ne. Ana yi, ana kuma kamawa, domin kamfanonin cacar kansu suna sa ido a kan kowane kuɗin da ya motsa ba bisa al'ada ba. Sirrin da zai iya kai mutum kurkuku a Amurka shi ne wani zai riƙa rabawa a guruf mai mutum ɗaruruwa a kan kuɗin kati?

Ni na taɓa shiga irin wannan guruf da gangan, da layi biyu, don in ga yadda suke yi. Daren wasa ɗaya, wajen ƙarfe goma sha biyu, saƙo ya shigo layina na farko: masu gida, shuwa, wato tabbas za su ci, ka sa duk abin da kake da shi. Minti uku bayan nan ya shigo ɗaya layin: baƙi, shuwa. Mutum ɗaya, hoton mota ɗaya a fuskar shafinsa. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Ya samu mutum 64, ya ba rabi wannan, rabi waccan. Gobe 32 sun ci, ya sake raba su. Bayan kwana huɗu akwai mutum huɗu da suka ga ya faɗi daidai sau huɗu a jere, su ne za su rantse da Alƙur'ani cewa mutumin nan yana da hanya, su ne kuma zai ce su biya kuɗin babban ɗaki. Waɗanda suka faɗi a hanya ya toshe su, ko ya ce ɗan'uwan nasa ne aka sauya wa shiri a minti na ƙarshe. Besbol kuwa ta fi kowane wasa yi musu daɗi, don kusan kullum akwai wasa har goma sha biyar, kuma kowanne kusan jefa kwabo ne. Boka da ke da maganin arziki me ya kai shi zaman jiran kuɗin wata na mai cajin waya? Abin da ke ƙona mini rai shi ne, zancen "an sayar" shi ne ƙugiyarsu. Yaron da ya yarda cewa ya faɗi ne don wasan ba shi da tabbas, wata rana zai haƙura. Wanda aka cusa wa cewa akwai masu sani, shi ne kawai bai shiga cikinsu ba, wannan zai sayar da janareta ya nemi shiga.

Karawar Philadelphia ma da ya rasa kuɗin bashi a kanta, wanda ya kalle ta ya san ba rubutacciya ba ce. An doke Arizona 5 da 3, aka sake yi mata 10 da 0. Ta koma gida, Ketel Marte ya ci mata na uku da bugun ƙarshe a kan majefin Philadelphia Craig Kimbrel, 2 da 1. A na huɗu tana baya a zango na takwas, Alek Thomas ya taso daga benci ya jefa ƙwallo cikin tafkin wankan da ke bayan katangar filinsu, aka yi kunnen doki, suka ƙarasa 6 da 5. Ta faɗi na biyar, ta koma Philadelphia tana buƙatar biyu a filin da ba a ci masu gida ko sau ɗaya ba a Oktoban. Har wani fitaccen mai sharhi a rediyo, Chris Russo, ya ce in suka ci biyun nan zai ajiye aiki nan take. Suka ci 5 da 1, suka ci 4 da 2 ranar 24 ga Oktoba, Carroll ya cafke ƙwallon ƙarshe, tutarsu ta farko tun 2001. Russo bai ajiye aikin ba. Mutumin da ya yi shekaru masu yawa yana cin abinci da wannan wasa bai hango ba, sai na Telegram. Bayan nan Texas ta doke su 4 da 1 a World Series, kuma Sewald ɗin da ya gyara musu gida shi Corey Seager na Texas ya yi wa homron a zango na tara na wasan farko. A 2024 Arizona ta ci 89, ta fi kowace ƙungiya zura maki, amma ba ta ma samu gurbi ba.

Hukuncin caca ba ni zan koya muku ba, kun karanta aya ta 90 a Suratul Ma'ida tun kuna allo. Abin da zan ce ka yi shi ne, kada ka fara da faɗa, don wanda bashi ya ci yana jin kunya ne ko da yana ɗaga murya. Ka karɓi wayarsa cikin lalama, ku ɗauko littafi, ku rubuta duk abin da mutumin ya turo na wata guda da awar da ya turo, kafin a fara wasa, domin sukan goge wanda ya faɗi. Kada a sa ko naira. Ƙarshen wata ku ƙirga tare. Ka kuma tambaye shi ainihin adadin bashin da sunan wanda ya ba shi, ka je da kanka ku tsara biya kaɗan-kaɗan. Zancen Hajiya kuwa, in bashin ya fi ƙarfinku ku biyu, gara ta ji daga bakinka kafin mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida.