Tambaya da Amsa: Al'amuran yau da kullum a jarrabawar ma'aikata

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga ma'aikatan gwamnati ne na Bauchi da Gombe masu shirin jarrabawar tabbatarwa a aiki ko ta ƙarin girma, kuma kukansu ɗaya ne: sashen al'amuran yau da kullum. Dokokin aiki da na kashe kuɗin gwamnati a rubuce suke, mai himma zai karance su. Al'amuran yau da kullum kuwa ba su da littafi guda, kullum sauyawa suke yi. Mun ɗauko tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Na sayi ɗan littafin shirin jarrabawa a kasuwar Wunti, ya ce hauhawar farashi a Nijeriya kashi 34.80 ce cikin ɗari. Wata takarda da ke yawo a WhatsApp ta ce 24.48. Wanne zan riƙe? Kuma yaya za a ce ta sauka alhali ban gani a cefanena ba? Daga wani akawu, Bauchi.

Amsa: Malam, duka biyun gaskiya ne, kowace lamba da watanta. Ta farko ta Disambar 2024 ce, ta biyu ta Janairun 2025, kuma duk daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, suka fito. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne hukumar ta sake ma'auni. Ana auna hauhawar farashi ne da kwandon kayan da gidaje ke saye: hatsi, man girki, kuɗin haya, kuɗin mota, magani, katin waya. Kowane kaya ana ba shi nauyi gwargwadon abin da yake ci daga aljihun magidanci. Kwandon da aka daɗe ana aiki da shi na 2009 ne, lokacin da sayen data bai zama larura ba. Sai aka mayar da shekarar tushe zuwa 2024, aka ƙara kayayyaki, aka rage nauyin abinci daga kusan kashi 52 zuwa kusan 40. Tunda abinci ne ya fi tashi, rage nauyinsa na cikin abin da ya ja lambar ƙasa.

Batun cefanenka kuwa, nan ne masu jarrabawa ke ɗana tarko. Mu ƙaddara mudun masara naira 1,000 ne bara waccan, bara ya koma 1,300, bana 1,495. Bara an samu hauhawar kashi 30, bana ta kashi 15. Hauhawar ta sauka da rabi, amma masara ta ƙara tsada. Saurin tashin ne ya ragu. Idan zaɓin amsa ya ce “farashin kaya ya sauka”, tsallake shi, ka nemi mai cewa “farashi na tashi a hankali fiye da da”.

Ka kuma raba aikin hukumomi biyu. NBS aunawa take yi, Babban Bankin Nijeriya, CBN, shi ke yaƙi da hauhawar ta hanyar ɗaga kuɗin ruwa don rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, har ya kai shi kashi 27.5 a Nuwambar 2024. Idan aka tambayi musabbabi, abubuwa biyu ne a gaba: cire tallafin man fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira ta nemo darajarta a kasuwa a Yunin shekarar. Na farko ya ɗaga kuɗin dakon kaya, na biyu ya ɗaga farashin duk abin da ake shigo da shi da dala, daga taki zuwa magani. Kada ka cakuɗa wannan da sake ma'aunin girman tattalin arziki, GDP. Shi an mayar da tushensa daga 2010 zuwa 2019, aka fitar da sakamako a 2025. Wanda aka yi a 2014 ne ya ɗora Nijeriya a kan Afirka ta Kudu.

Tambaya: Kullum ina jin an raba kuɗin Abuja. Yaya ake rabon, kuma me ya sa Bauchi da Gombe ba sa samun abu ɗaya? Daga wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, Kumo.

Amsa: Malama, rabon hawa biyu ne. Kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya, FAAC, na zama duk wata. Kafin a fara kasafi ana cire kashi 13 na kuɗin ma'adinai a bai wa jihohin da ake haƙo su. Abin da ya saura, daga kowace naira 100 tarayya na ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Wannan hawa na farko ke nan. A hawa na biyu ake raba kason jihohi a tsakaninsu: kashi 40 daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran 30 kuma goma-goma ga faɗin ƙasa da yanayinta, da ƙoƙarin tara haraji na cikin gida, da buƙatun ilimi da lafiya da ruwa. Bauchi ta fi Gombe jama'a da faɗin ƙasa, tana da ƙananan hukumomi 20, Gombe 11, shi ya sa kasonta ya fi.

Hukumar da ke ba da shawarar tsarin rabon ita ce RMAFC, FAAC aiwatarwa kawai take yi, kuma mutane da yawa na faɗuwa a nan. Harajin sayen kaya, VAT, wanda yake kashi 7.5, tsarinsa daban ne. A da tarayya 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sabbin dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun mayar da shi 10, 55, 35, suka kuma sauya hukumar tara haraji ta tarayya daga FIRS zuwa NRS. Tunda a ƙaramar hukuma kike, riƙe ranar 11 ga Yulin 2024 da kyau: ranar ce Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Tambaya: Mene ne ainihin “Babbar Koriyar Ganuwa”? Ana ta dashe duk shekara a yankinmu, amma ba mu ga ganuwar ba. Daga wani malamin gona, Nafada.

Amsa: Tarayyar Afirka ce ta amince da shirin a 2007. Tunanin farko shi ne a ja shingen bishiyoyi mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Burin da aka sa zuwa 2030 uku ne, kuma ana son tambayarsu: farfaɗo da hekta miliyan 100, zuƙe tan miliyan 250 na iskar kabon, samar da ayyuka miliyan 10. A Nijeriya jihohi 11 ne a ciki: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Hukumar ƙasa mai kula da shi da dokar 2015 aka kafa ta. Ka lura Kaduna da Neja da Taraba ba sa ciki, kuma su ake yawan sakawa a zaɓin amsa don a ruɗa mutum.

Dalilin da ba ka ga ganuwa ba shi ne an bar tunanin layi ɗaya miƙaƙƙe tuntuni, aka koma gyaran ƙasa gari-gari: shingen iska, gandun itacen girki, lambuna, rijiyoyin burtsatse. Dalili na biyu kai ka fi mu saninsa, dashen ne ba ya rayuwa. Ana kawo tsirrai a makare, ƙarshen Agusta ko Satumba, saiwa ba ta kama ƙasa ba damina ta ɗauke. Wani lokacin ko ledar ba a yage ba aka binne. Babu shinge, kaka na yi a saki dabbobi, akuya ta gwaigwaye kan tsiron kafin hunturu ya wuce. Babu wanda aka ɗora wa ban ruwa daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ke ƙuna. Gara ma na cin rabonta. Dashen da ke tsira shi ne wanda aka yi da zarar damina ta zauna, cikin Yuli, a rami mai ɗan kwari da zai tare ruwa, a zuba takin gida, a kewaye da ƙaya ko kwando, a kuma zaɓi irin da ya san fari: dogon yaro, dakwara mai ba da ƙaro, aduwa, gawo. A ganinmu ma abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi ya fi komai arha da tasiri. Sun daina sare tohon kututture lokacin sharar gona, sai su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun tale-tale, ba ta neman ban ruwa.

Don jarrabawa, ka bambance kwararowar hamada da zaizayar ƙasa. Ta farko ƙasa ce ke mutuwa saboda fari da sare itace da yawan kiwo, kamar yadda ake gani a arewacin Bauchi. Ta biyu ruwa ne ke yankar ƙasa, irin kwazazzabon da ke cin unguwanni a cikin garin Gombe, inda ƙasa mai yashi ce, gari a gangare, ga gine-gine sun hana ruwa nutsewa. Shirin NEWMAP an yi shi ne don magance zaizayar ƙasa. ACReSAL, shirin gyaran ƙasa mai rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, na jihohin Arewa 19 ne da Abuja. Shirin 3G kuwa na jihar Gombe ne ita kaɗai, Gwamna Inuwa Yahaya ya fara shi a 2019 da burin bishiya miliyan huɗu cikin shekara huɗu.

Tambaya: Tarukan sauyin yanayi sun yi mini yawa. Waɗanne zan riƙe? Daga wata malamar asibiti, Azare.

Amsa: Jera su da shekara da gari da abin da aka cimma. Yarjejeniyar Faris, 2015: a riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Taron COP26 a Glasgow, 2021, inda Shugaba Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take zuƙewa zuwa 2060, kuma a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Sai COP28 a Dubai 2023, COP29 a Baku 2024, COP30 a Belem ta Brazil 2025. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 a kan rufin ozon take, ba ɗumamar yanayi ba, ana yawan cusa ta a tsakiyarsu. A cikin gida kuma, NiMet ke hasashen damina, NIHSA ke hasashen ambaliya, NEMA ke kai agaji bayan ta auku, kamar yadda aka gani da fashewar madatsar Alau kusa da Maiduguri cikin Satumbar 2024.

Tambaya: NIN, BVN, IPPIS, TSA, eNaira, duk sun cakuɗe mini. Daga wani direban ma'aikata, Misau.

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙa haɗa kowanne da mai shi da matsalar da ya zo magancewa. NIN lambar ɗan ƙasa ce, hukumar NIMC ke bayarwa. BVN ta banki ce, CBN ya ƙaddamar da ita a 2014 don mutum ɗaya ya zama da shaida ɗaya a duk bankuna. Kowace lamba 11 ce, shi ya sa ake rikita su. IPPIS tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya ne daga wuri ɗaya, tun 2007, a ƙarƙashin ofishin Babban Akanta, kuma ma'aikatan bogi ya zo kawarwa. TSA asusu ɗaya ne na gwamnati a CBN, an tilasta shi sosai a 2015, saboda a da ma'aikatu na ajiye kuɗi a bankunan kasuwa, gwamnati kuma ta je ta ci bashin kuɗinta da ruwa. eNaira an ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoban 2021. Naira ce ta CBN a cikin waya, darajarta ɗaya da ta takarda, don haka duk zaɓin da ya kira ta irin Bitcoin kuskure ne. Ƙara guda biyu: NCC ke kula da kamfanonin waya, NITDA da fasahar kwamfuta, sannan dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ce ta kafa hukumar NDPC.

Tambaya: Rijiyar man Kolmani ta Bauchi ce ko ta Gombe? Daga wani malamin makaranta, Alƙaleri.

Amsa: Filin yana kan iyakar jihohin biyu ne, kuma amsar da za ka zaɓa ke nan. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwambar 2022. Ka haɗa shi da dokar man fetur ta 2021, PIA, wadda ta mayar da NNPC kamfani, ta kuma ware kuɗin neman mai a sabbin wurare irin wannan.

Tambaya: Saura mini mako biyar, ga aiki ga yara, kuma ban saba da kwamfuta ba. Ta ina zan fara? Daga wata ma'aikaciyar sakatariya, Gombe.

Amsa: Hajiya, samu littafin rubutu mai shafi 40, ki raba shi biyu. Gaba ki rubuta abin da ba ya sauyawa: shekarun dokoki, ayyukan hukumomi, ranar ƙirƙiro jihohi, Bauchi 3 ga Fabrairun 1976, Gombe 1 ga Oktoban 1996. Baya ki rubuta da fensir abin da ke sauyawa: hauhawar farashi, kuɗin ruwa, kasafin kuɗin bana, sunayen ministoci da kwamishinoni. Kowace lamba ki sa mata wata da shekara da hukumar da ta fitar, domin takardun WhatsApp sukan zo ba kwanan wata, ki haddace abin da ya tsufa. Mafi ƙarancin albashi misali ne: ki rubuta naira 70,000, Yulin 2024, a gefe kuma 30,000, 2019. Minti 30 bayan isha'i ya isa, da labaran rediyo na safe. Ana saura kwana uku ki buɗe shafukan NBS da CBN ki goge fensirin da ya tsufa.

Idan a kwamfuta za a yi, ki je shagon intanet sau biyu ko uku ki gwada tambayoyi da agogo a gabanki, har hannunki ya saba da linzami. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tsayawa a kan tambaya ɗaya, da rashin ganin kalmar “banda” a cikin tambaya, da danna maɓallin miƙa amsa kafin a gama, wanda yawanci ba ya komawa baya. Wadda ta yi miki wuya ki wuce ta, ki dawo mata daga baya. Ki tafi da takardar gayyata da katin shaidar aiki, ki kuma duba lambar fayil ɗinki a kan allo kafin ki taɓa tambaya ta farko.