Hoto Ɗaya a Allo Biyu

Yarona, na ji tambayar da ka yi mini jiya bayan la'asar, da ka dawo daga shagon mai ɗaukar hoton nan na titin gidan Zoo. Ka ce ka haɗa masa kwamfutarsa da monita da talabijin domin masu zaɓen hoto su riƙa ganin abin da yake gani, amma fuskar amarya ta fito a talabijin da faɗi kamar faifai, da ka sauya lambar yawan ɗigon hoton kuma sai rubutun monita ya dushe, har kana zargin wayar HDMI da ka sayo a titin Beirut. Wayar ba ta da laifi, kada ka je ka ɓata wa mai shago rai a banza.

Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Monitar mutumin tsohuwa ce mai inci 19, ɗigonta 1280 a kwance, 1024 a tsaye, wato kashi 5 bisa 4, ta kusa zama murabba'i. Talabijin ɗinsa kuwa 1920 ne da 1080, kashi 16 bisa 9. Da zarar ka sa waya, kowane allo yakan aika wa kwamfuta jerin lambobin da yake iya ɗauka, abin da ake kira EDID. To, idan ka danna maɓallin Windows tare da harafin P ka zaɓi Duplicate, wato maimaita hoto, kwamfutar ba ta zana hoto biyu ba. Hoto ɗaya take zanawa ta raba musu, don haka dole ta nemi lambar da dukansu suka yarda da ita, kuma babban allo ne yakan sauko ya bi ƙarami. Talabijin ya karɓi hoto mai kashi 5 bisa 4 ya miƙe shi don ya cika fuskarsa, faɗin komai ya ƙaru da wajen kashi 42 cikin ɗari. Abin da ya sami amarya ke nan.

Saboda haka tambayar farko ba ta na'ura ba ce, tambaya ce da za ka yi wa mai aiki: a wane allo ne idon da ke biyan kuɗi yake? A wannan shago a talabijin yake. Ka duba jerin lambobin, idan 1280 da 720 ya bayyana ka zaɓe shi, domin siffarsa ɗaya da ta talabijin, faɗinsa kuma daidai da na monita. Sannan ka shiga manhajar katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a allo, ko ta Intel ce ko NVIDIA ko AMD, ka zaɓi umarnin da ke kiyaye siffar hoto maimakon wanda ke cika allo. Monitar za ta nuna baƙin layi sama da ƙasa, kowanne jerin ɗigo 152, amma rubutu zai fito tar, tunda kowane ɗigo ya zauna a mazauninsa. Ka faɗa masa wannan kafin ya gani, domin na sha ganin mutum ya ga baƙin layi ya rantse an lalata masa monita.

A ganina ma bai kamata ya dage a kan maimaita hoto ba. Idan ka zaɓi Extend, wato talabijin ya zama ƙarin fili ga monita, kowane allo zai yi aiki da cikakken ɗigonsa, ya jawo hotunan da yake so a gani zuwa talabijin, lissafin kuɗinsa da hotunan wasu mutane kuma su tsaya a gabansa shi kaɗai. Ka zauna da shi minti goma ka koya masa jan tagar hoto da linzamin kwamfuta daga wannan allo zuwa wancan. Idan ya ƙi, ka ba shi shawara ya canza monitar da mai 1920 da 1080, magana ta ƙare.

Saura abin da na tabbata za ka tarar. Talabijin da yawa sukan ɗan kumbura hoto su yanke gefensa, gadon zamanin talabijin mai ƙeya, sai ka nemi layin ƙasa na Windows da agogo ka ga rabinsu ya ɓace. Gyaran wannan a rimot yake, ba a kwamfuta ba. A wajen girman hoto, LG ta kira shi Just Scan, Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen, gwargwadon shekarar ƙirar. Ka rage kaifin hoto ma, domin wanda aka saita don kallon ƙwallo yana sa haruffa su yi farin gefe.

Kafin ka baro shagon, ka buɗe hoton wani abu mai da'ira, ko faranti ko tayar mota, ka auna faɗinsa da tsayinsa da rula a allunan biyu. Sannan ka kashe komai ka sake kunnawa, talabijin da farko, kwamfuta daga baya, ka tabbatar saitin ya zauna, domin da an ɗauke wuta an tayar da janareta shi ne abin da zai faru a bayan idonka.