Na haɗa da'irar gano faɗuwar wuta, amma rile yana kaɗawa kuma allon ya ja ni

Tambaya: Malam, a unguwarmu wuta takan zo ba ƙarfi da magariba, har kwamfiresan firjina ya ƙone sau ɗaya. Na haɗa LM393 (kwamfareta, wato ƙaramin guntu mai gwada volt biyu) da rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) don ya yanke firjin idan wutar ta yi ƙasa da volt 180. Ban sa taransifoma ba, wani mai gyara ya ce in jawo daga soket da dayod huɗu da resisto biyu, tunda volt biyar ne kawai zai kai allon. Yanzu rile yana ta kaɗawa ba ya tsayawa, kuma jiya da na taɓa allon sai ya ja ni. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta wannan, je ka zare abin nan daga soket. Kaɗawar rile ƙaramar matsala ce. Jan da ya yi maka shi ne maganar.

Wannan zance na "volt biyar ne kawai" kusan kullum sai na ji shi, kuma ya ishe ni. Volt biyar ɗin tsakanin ƙafafu biyu na allon yake. Kai kuma a ƙasa kake tsaye, don haka abin da ya shafi ranka shi ne bambancin da ke tsakanin allon da ƙasa. Wutar gida volt 230 ce, ƙololuwarta ta kai kusan 325. Idan ka jona dayod huɗu kai tsaye da soket, layin da kake kira nagetif yakan bi laif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, sau hamsin a kowace daƙiƙa, ya nisanci ƙasa da kusan volt 325 ɗin nan. Mitarka za ta nuna biyar, hannunka zai ji sauran. Wasu su ce ai nutural ba ya ja. To wa ya tabbatar maka wanda ya yi wayarin gidan bai juya laif da nutural ba? Filogi mai ƙafa biyu ma ta kowace fuska yake shiga. Kuma da dayod huɗu, ko an jona daidai haɗarin yana nan. Ƙari a kan haka, ƙaramin resisto na kwatan wat yawanci volt 250 aka ƙayyade masa. Ranar da ya gaza, komai na allon ya zama laif. Kimanin miliamfiya 30 ta ƙirji ya isa ya rikita bugun zuciya. Na ga almajirin sana'a da ya jona irin wannan allo da kwamfuta ta wayar USB, ya ƙone ta nan take, shi ma Allah ne ya kiyaye. Mai gyaran da ya ba ka shawarar nan ya rage maka kuɗin taransifoma ne, ya jefa ka da yaran gidanka cikin haɗari, kuma irinsu ba sa zuwa idan abu ya faru.

Sayi ƙaramar taransifoma mai fitar da volt 12, ka sa fiyus a gefen wutar gida. Abin da take fitarwa yana hawa da sauka tare da wutar: a 180 za ta ba da kusan 9.4, bayan dayod da kapasito ka sami wajen 12. Ware layin awo daban, da dayod ɗinsa da kapasito na maikirofarad 10, ya bi ta resisto 33k zuwa firiset (resisto da ake murɗawa a saita) 10k, tsakiyar firiset ya shiga ƙafar fulos ta LM393. A ƙafar mainos ka sa TL431, wanda ke riƙe volt 2.5. Kada ka ɗebo wannan ma'aunin na volt 2.5 daga wutar da take faɗuwa, don duka biyun za su sauka tare, kwamfaretan ba zai ga komai ba. Shi kansa kwamfaretan ka ciyar da shi ta 7805, mai fitar da tsayayyen volt biyar.

Kaɗawar kuwa rashin tazara ce tsakanin inda zai yanke da inda zai dawo. Da firji ya fita wutar sai ta ɗan ɗaga, rile ya mayar, ta sake faɗi. Sa resisto 220k daga mafitar LM393 zuwa ƙafar fulos, sai ya yanke wajen 180, ya ƙi dawowa sai wajen 190. LM393 ba ya tura wuta da kansa, sai ka ɗaure mafitarsa da volt biyar ta resisto 4.7k, sannan taransisto ya ja rile, da dayod 1N4007 a kan naɗin rilen. Lissafin nan mafari ne. Taransifoma mara nauyi takan ba da fiye da abin da aka rubuta mata, don haka saita firiset da bariyak (taransifomar da ake murɗawa a rage ko a ƙara volt) da mita.

Ƙara jinkirin minti uku zuwa biyar kafin firjin ya dawo, ko da guntun ƙidayar lokaci 555 ne, don kwamfiresa ba ya iya tashi da sauƙi kafin matsin gas ya daidaita. Sannan ka rufe komai cikin akwatin roba, tunda ƙafafun rile har yanzu volt 230 suke ɗauke da shi.