Na yanke hoton amma fayil ɗin bai rage nauyi ba, ko cuta ce ta kama kwamfutar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare mai zaman kanta a Agege. Na haɗa darasi a PowerPoint, hotuna kusan ashirin da na ɗauka da wayata, fayil ɗin ya haura megabayit 70, imel ya ƙi tura shi, data kuma sai ƙarewa take. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya na yanke gefunansu amma nauyin yana nan. Wani mai gyara ya ce cuta ce, in kawo a wanke laftof ɗin. Abin da ya fi damuna, a ciki akwai hoton takardar makin yara, na yanke wajen sunayen kafin na tura wa gurup ɗin iyaye. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da farko kar ki kai laftof ɗin nan ko'ina, lafiyarsa ƙalau. Masu gyaran nan da komai aka kawo musu sai su ce a wanke, wallahi sun ishe ni, a goge wa mutum aikin zango guda kuma ya biya kuɗi a kai.

Lissafin a fili yake. Hoton waya ɗaya yakan kai megabayit 3 zuwa 5, ki ninka sau ashirin ga 70 ɗinki nan, shi kuwa Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25. Majigin aji ma ba ya iya nuna rabin kyan da hoton ke ɗauke da shi, kaya ne kawai kike dako a banza. Ki danna hoto ɗaya, ki shiga Picture Format, ki nemo Compress Pictures, ki cire alamar da ke cewa a yi wa wannan hoton kaɗai, ki zaɓi 150 ppi. Shi ke nan, ki adana da sabon suna ki ga yadda zai rame.

To yanzu ga wadda ta sa na ajiye shayina. Kin ce kin yanke amma nauyi bai ragu ba, ai amsar tana cikin tambayarki: ba a yanke komai ba. Yankan PowerPoint da Word da Google Slides labule ne kawai ake ja, hoton yana nan cikakke a bayansa. Duk uban da ya buɗe fayil ɗin a kwamfuta ya danna Crop ya ja gefen, ko ɗansa mai ƙiriniya ya yi, sunayen za su dawo reras, ga wanda ya ci 12 cikin 100 ga sunan babansa. Kuma kin san zaman mu a Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12 kowa ya san kowa, kafin la'asar labarin ɗan wane da ya zo na ƙarshe ya kai kasuwa.

Kusan kullum sai na gamu da wannan, har da manyan malamai masu digiri. Akwai malamin da ya nuna min tambayoyin jarrabawa da ya tura wa ɗalibai, ya ɗora baƙin akwati a kan amsoshin yana ta murna ya yi dabara, a gabansa na sa linzami na ja akwatin gefe kamar mai ɗaga murfin tukunya, sai da ya yi salati. Maida shi PDF ma ba lallai ya cece ki ba, sau da yawa rubutun da ke ƙarƙashin akwatin ana iya kwafe shi a liƙa wani waje. Haka alƙalamin shafa kala na waya, wanda ake gogawa a kan suna, wani irin shara-shara ne, a ƙara hasken hoton sai rubutun ya leƙo. Mutane sun ɗauka abin da idonsu bai gani ba ya tafi, ina! Kuma ba maganar kunya kaɗai ba ce, tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, bayanan yaro sai da yardar iyayensa ake sarrafa su, makarantu da yawa ko labarinta ba su ji ba, suna can suna neman malami ya cike fom uku kafin a ba shi alli.

Abin yi: a wancan akwatin na Compress Pictures akwai layin da ke cewa Delete cropped areas of pictures, ki tabbatar da alama a kansa, shi ne yankan gaske. Hanyar da na fi yarda da ita ma, ki rufe sunayen da kala mai kauri, ki ɗauki sikirinshot, ki sa shi a madadin na asalin.

Wanda kika riga kika tura kuwa, ki shiga gurup ɗin yanzu ki goge wa kowa in lokacin bai wuce ba, kwana biyu ne kawai WhatsApp ke bayarwa. Wanda ya riga ya sauke a kwamfutarsa sai haƙuri. Ki sanar da hedimasta da bakinki yau ɗin nan, sannan ki tura gyararren.